Kod ɗin jita ga mai fara koyo: yadda za ka rage wa yatsunka wahala

Jama'a barkanmu da warhaka. Toh yau kan jita za mu zauna, musamman wanda ya sayi jita da zumuɗi, ya danna kod biyu uku, wato haɗin sautin da ke fita in ka danne wasu tsirkiyoyi ka kaɗa su tare, yatsu suka fara raɗaɗi, sauti kuma sai zzz zzz yake fita, shikenan ya jingine ta a bayan ƙofa tana shan ƙura. Ɗauko ta ka kakkaɓe, mu duba inda matsalar take.

Kafin ka zargi yatsunka, fara zargin jitar tukuna. Da gaske nake. Firet su ne ƙarafan nan da aka gitta a wuyan jita, ana ƙirga su daga kan jitar, nemi na 12, wajen da ake sa ɗigo biyu a yawancin jitoci. Duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen firet ɗin, a jita mai akwati, wadda ba ta lantarki ba, ya kamata ta tsaya wajen milimita 2 zuwa 3. In taka ta wuce haka sosai, har kana iya zura biro a ƙarƙashi, wallahi ko wanda ya shekara goma yana kiɗa sai ya sha wuya da ita, balle kai da ka fara jiya. Kai ta wajen mai gyara ya sauke maka ita. Kuma mu nan arewa akwai ƙarin matsala, iskar hunturu tana busar da katako, wuyan jitar ya ɗan lanƙwashe, bakin firet ya fito yana karce hannu, don haka kar ka bar ta a rana ko cikin mota a rufe, in ka gama ka mayar da ita jakarta. Tsirkiyar ma akwai mai kauri akwai siririya, yawancin jitoci masu wayar ƙarfe da lamba 12 suke zuwa, ka ce a sa maka lamba 10 ko 11, sun fi laushi a yatsa. Mai tsirkiyar nailan kuwa ita ta fi duka sauƙin dannawa, sai dai wuyanta ya fi faɗi.

Sai saiti. Duk ranar da ka ɗauki jita ka fara saita ta, duk rana fa. Tsirkiya shida ne, ga sunayen sautinsu daga mai kaurin nan ta sama zuwa siririyar ƙasa: E, A, D, G, B, E. Siririyar ita ce ta 1, mai kaurin ita ce ta 6, riƙe wannan lissafin don da shi zan riƙa magana. Akwai manhajoji kyauta a waya irin su GuitarTuna, ka kaɗa ta nuna maka ko ka ƙara ɗaurewa ko ka sassauta. Mutum sai ya danna kod daidai amma jitar ba a saite take ba, ya ji sautin ba daɗi ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Yanzu hannun hagu. Yanke farce, babu jayayya a nan, 'yan uwa mata masu son dogon farce ku yi haƙuri, na hannun dama kuna iya bari. Da kan yatsa ake dannawa, can ƙarshe kusa da farce, yatsan a lanƙwashe don kar cikinsa ya taɓa tsirkiyar da ke ƙasa ya kashe mata murya. Kuma wajen dannawar shi ne dab da bayan ƙarfen firet, ba a kan ƙarfen ba, ba kuma can nesa da shi ba. Gwada wannan: ɗora yatsa a hankali kana kaɗawa, kana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan, da zarar sautin ya fito tas ka tsaya. Iyakar ƙarfin da ake buƙata ke nan. Za ka sha mamaki, don yawancin masu koyo shaƙe wuyan jitar suke kamar sun kama ɓarawo a kasuwa, shi ya sa minti biyar hannu ya ƙage. Babban yatsa kuma ya zauna a bayan wuyan, wajen tsakiya.

Toh ga inda nake so mu daɗe. Mutane suna sauke hoton nan mai kod ɗari su ce za su haddace, ni ban ga amfaninsa ba ga mai farawa. Riƙe kod ɗaya ba wani aiki ba ne, aikin yana wajen tashi daga wannan zuwa wancan ba tare da kiɗan ya tsaya ba, kuma dabarar ita ce ka koyi waɗanda suke maƙwabtaka da juna, yadda yatsu ba za su yi doguwar tafiya ba.

Fara da Em, wato E maino. Yatsa biyu kacal: ɗan tsakiya a tsirkiya ta 5 firet na 2, yatsan zobe, wato na kusa da ƙaramin yatsa, a tsirkiya ta 4 firet na 2, kaɗa duka shidan. Ka ji? Ka yi kod ke nan. Ƙara manuni a tsirkiya ta 3 firet na 1, ya zama E. Yanzu kar ka wargaza yatsun, ɗaga su ukun a haɗe yadda suke ka sauko da su tsirkiya ɗaya ƙasa, ga Am ta fito, sai dai a nan ka tsallake ta 6 wajen kaɗawa. Daga Am ɗin nan, manuni da ɗan tsakiya su yi zamansu, yatsan zobe kaɗai zai tashi ya tafi tsirkiya ta 5 firet na 3, sunan wannan C. Kaga kod huɗu ke nan, kuma kusan duk siffa ɗaya ce ake ɗan taɓawa.

G da D su ne suka ɗan fi nisa, amma su ma akwai wayo. Yi G mai yatsa huɗu: ɗan tsakiya a ta 6 firet na 3, manuni a ta 5 firet na 2, yatsan zobe a ta 2 firet na 3, ƙaramin yatsa a ta 1 firet na 3. In za ka koma D, yatsan zoben nan ya kafe a inda yake kar ya motsa, manuni ya zo ta 3 firet na 2, ɗan tsakiya ya sauko ta 1 firet na 2, ƙaramin ya ɗaga, ka kaɗa huɗun ƙasa kawai. Da G, D, Em da C waƙoƙin da za ka iya raka wa ba sa lissafuwa.

Yadda za ka yi atisayen: zaɓi kod biyu, sa agogon waya minti 1, yi ta sauyawa tsakaninsu kana ƙirga sau nawa ka yi, rubuta a takarda, gobe ka sake. Sannan kowane kod ka riƙa kaɗa tsirkiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi shiru ko ta yi zzz, nan ne gyaran yake, ka matsar da yatsa kaɗan ka sake ji. Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Lahadi kaɗai, don fatar kan yatsa sai da maimaici take yin kanta, cikin 'yan makonni raɗaɗin zai ragu. Amma in ciwon a wuyan hannu ne ko cikin gaɓa, wannan ba na kanta ba ne, ajiye jitar ka huta ka duba yadda kake riƙo.

Hannun dama kuma kar ya tsaya jiran na hagu, nan ne mutane da yawa suke maƙalewa. Kunna metironom, abin nan mai buga ƙwas ƙwas don riƙe maka lokaci, a kan bugu 60 a minti, kaɗa ƙasa sau huɗu a kowane kod, in lokacin sauyawa ya zo ka sauya ko yatsun ba su gama zama ba. Kunnen mai sauraro yana yafe kod da bai fita sosai ba, amma in kiɗa ya yanke kowa sai ya ji. In 60 ta yi maka sauri sauko 50, ba wanda ke kallonka.

Bahagwai kuma, za ku iya juya jitar a sake jera muku tsirkiya, ko ku nemi wadda aka yi dominku. Mdou Moctar na Nijar bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a madadin tsirkiya.

Saura F, wadda ta kori mutane da yawa daga jita, saboda cikakkiyarta sai manuni ya kwanta ya danne tsirkiya shida lokaci guda. Ƙyale ta a watannin farko. Riƙe C, bar manuni a wurinsa, sauko da ɗan tsakiya zuwa ta 3 firet na 2, yatsan zobe zuwa ta 4 firet na 3, kaɗa huɗun ƙasa. Wannan Fmaj7 ce, tana tsaya wa F a waƙoƙi da dama. In kuma kana da kafo, ɗan maƙalen nan da ake matsawa a wuyan jita, sa shi a firet na 2 lokacin atisaye, yana sauko da tsirkiya kusa da katako kuma firet ɗin wajen sun fi matsuwa, sai yatsa ya isa ba sai ka miƙe shi da yawa ba. Ranar da ka ga kana sauya C da Fmaj7 ba tare da ka kalli hannunka ba, toh lokacin ne za ka fara gwada kwantar da manunin, kuma ka fara daga firet na 5 inda tsirkiya ta fi laushi kafin ka gangaro firet na 1.