Mutumin da ke can baya a okestra, me yake jira?

To jama'a, ku kalli wannan dandalin okestra da kyau, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa. Masu goge ne a gaba, wato biyolin, sun fi kowa yawa, bayansu masu busa, sai can ƙarshe jikin bango wajen ganguna ga wani bawan Allah zaune ya harɗe hannu kamar wanda ya zo rakiya. Wallahi ba hutawa yake ba, ƙirga yake a zuci.

Akwai kiɗan da wani mai tsara kiɗa, Dvořák, ya rubuta a Amurka a 1893, simfoninsa na 9, wato dogon kiɗan okestra mai kashi-kashi, ana shafe wajen minti 40 ana yi, amma faifan tagullan nan da ake kira simbal sau ɗaya tak ake taɓa shi, can a kashi na ƙarshe, kuma ba ma da ƙarfi ba. Ka yi tunani, ka sa kwat ka zauna tun farko kana ƙirga don bugu ɗaya, in ka riga lokaci ko ka makara da ƙiftawar ido duk zauren sai ya ji. Mai goge in ya kuskure yana da 'yan uwa goma sha da za su rufa masa asiri, shi wannan ba shi da kowa.

Sai timfani, manyan gangunan nan masu kama da tukunyar tagulla, yawanci huɗu ake jerawa. Su ba dum dum kawai suke ba, kowacce da muryarta. Wanda ya san kalangu ya gane zancen, yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata murya ta hau, to nan feda ake takawa da ƙafa fatar ta ɗaure ko ta saki. Ku duba yadda mai timfanin ya sunkuya ya kai kunne dab da fatar yana ɗan taɓa ta da yatsa, saiti yake yi alhali sauran suna ta kiɗa a kansa, ni dai wannan ya fi burge ni da komai.

Kuma fa yawancin kayan nan ba Turawa suka ƙago su ba. Babbar ganga da simbal daga bandin sojojin Daular Usmaniyya suka kwaikwayo, har shahararren mai tsara kiɗa Beethoven ya saka irin wannan salon na Turkawa a ƙarshen simfoninsa na 9 a 1824.

Wani lokacin kuma ganga ce ke riƙe da kowa. A kiɗan Boléro da Ravel ya tsara a 1928, ƙaramar gangar fareti ce ke farawa a hankali kamar raɗa, salo ɗaya take maimaitawa kusan minti 15 tana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan, hannu ya gaji ko bai gaji ba babu tsayawa. Shi kansa kwandaktan, ba na mota ba fa, mai 'yar sandar nan, kunnensa na wajen mai gangar. Bari in saka muku farkon, ku ƙara sauti sosai don da kyar ake jin ta.