Tarabulus Ta Libiya Ko Ta Lebanon?

Jama'a, ku dubi taswirar duniya. Ga Tarabulus, babban birnin Libiya, a bakin Tekun Bahar Rum. To mu matsa gabas, mu ƙetare Masar, mu haura sama. Ga wata Tarabulus ɗin kuma, a arewacin Lebanon, kimanin kilomita 85 daga Beirut, ita ce birni na biyu mafi girma a ƙasar. Babu wadda ta ari sunan wata. Kowacce da hanyar da ta bi ta same shi.

Asalin kalmar Girkanci ce, Tripolis. "Tri" uku ke nan, "polis" kuma birni. Wato birane uku. Da Larabawa suka zo, harshensu ba shi da harafin "p", sai ya koma "b", suna ya zama Tarabulus. Don gudun ruɗani sukan ce Tarabulus al-Gharb, ta yamma, da Tarabulus ash-Sham, ta ƙasar Sham.

To ina birane ukun suke? A nan ne labarin ya rabu biyu.

A Lebanon, ukun a wuri ɗaya suke. Finikiyawa ne, mutanen teku da fatauci, daga garuruwa uku: Sur, da Saida, da tsibirin Arwad. Suka kafa mazauni a gaɓar teku, kowane ɓangare da unguwarsa da ganuwarsa, kusa da juna amma ba a haɗe ba. Girkawa suka duba suka ce ai wannan birane uku ne. Tsohon garin ma a bakin ruwa yake, wajen da tashar jiragen ruwa ta al-Mina take yanzu. Sai a 1289 Ƙalawun, sarkin daular Mamluk ta Masar, ya ƙwace shi daga hannun 'yan yaƙin Salibiyya, wato mayaƙan Kiristocin Turai, ya rushe shi, aka sake gina sabo can ciki kusa da ƙaton sansanin da ke kan tudu. Gari ya tashi daga inda yake, suna ya bi shi.

Ta Libiya kuwa, ni a ganina labarinta ya fi daɗin ji, domin gadon suna ta ci. Da can sunan garin Oea. Tana da 'yan'uwa biyu a gaɓar teku: Sabrata daga yamma, Leptis Magna daga gabas. Yankin gaba ɗaya ake kira birane uku, daga nan aka samu sunan yankin, Tripolitaniya. Kuma Oea ba ita ce babba ba. Leptis ce mai alfarma, a can aka haifi Septimius Severus wanda ya zama sarkin Rum a shekara ta 193, ya kuma ƙawata garinsu da gine-gine na gani na faɗa. Amma da zamani ya juya, Leptis da Sabrata suka zama kufai, rairayi ya binne da yawa daga cikinsu. Oea ce kaɗai mutane ba su taɓa barinta ba. Sai ta haɗa sunan su ukun ta riƙe ita kaɗai. Yau in ka shiga tsohon garin, za ka tarar da bakan ƙofar Marcus Aurelius, wani sarkin Rum, na marmara, a tsaye tsakanin gidaje, ƙasansa ya nutse ƙasa da titin da ake bi, saboda gari ya yi ta hawa kan gari shekara aru-aru.

Kun ga bambancin: a Lebanon uku ne suka taru suka zama ɗaya, a Libiya biyu ne suka mutu ɗaya ta gaje su.

Ba su kaɗai ba ne kuma. Akwai Tirebolu a Turkiyya, a gaɓar Baƙin Teku, tushensu ɗaya, harshe ne kawai ya lanƙwasa shi. Akwai Tripoli a kudancin Girka, a yankin Arkadiya. Abin dariya, wannan da ke cikin Girka ita ce ake wa sunanta tababa: a da Tripolitsa ake ce mata, kafin nan Drobolitsa, kuma masana da dama na ganin kalmar daga harshen Slabawa, dangin Rashawa da Sabiyawa, ta fito, daga baya aka gyara ta ta yi kama da Girkanci, aka nemo mata tsofaffin garuruwa uku na kusa aka jingina mata.