Darasi: Zana Taswirar Ƙananan Hukumomin Gombe da R

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau taswirar jihar Gombe za mu zana da R, manhajar nazarin alƙaluma, kowace ƙaramar hukuma da launinta gwargwadon alƙalumanta. Na san kun riga kun saka sf da dplyr da ggplot2, wato kayan aikin R da za mu yi amfani da su, ba zan tsaya nan ba.

Fayil ɗin taswirar daga GADM na sauke shi, shafin intanet mai ba da taswirorin iyakoki, mataki na 2, wato ƙananan hukumomi. Ba shi kaɗai yake tafiya ba fa. Akwai .shp, da .shx, da .dbf mai ɗauke da sunaye, da .prj. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka haɗa su duka.

To, st_read, ga shi ya buɗe, Najeriya ce gaba ɗaya. Sai mu tace da filter, ginshiƙin NAME_2 daidai da Gombe... a'a, tsaya, wannan ƙaramar hukumar Gombe kawai zai ba mu. NAME_1 ne jiha. Yauwa, 11 cif.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne ake shan wahala. Za mu haɗa taswirar da teburinmu na Excel mai ɗauke da alƙaluman da left_join, kuma kwamfuta ba ta san uzuri ba, harafi da harafi take dubawa. Kai ka rubuta Yamaltu/Deba da sanda a tsakiya, wani ya sa ɗan layi, wani ya bar fili kawai. Wani Shongom, wani Shomgom. Billiri ma akwai masu rubuta ta da l ɗaya. Kuma R ba zai yi maka ƙorafi ba, shiru zai yi, sai dai ka ga ƙaramar hukumar ta fito da ruwan toka, ka zaci babu bayananta. Don haka kafin ka haɗa, ka yi anti_join tukuna, zai fito maka da sunayen da suka ƙi dacewa. Ka gyara a teburinka, kar ka taɓa .dbf. Har fili na ƙarshen suna, wanda ido ba ya gani, yana hana su haɗuwa, trimws ne maganinsa.

Saura mai sauƙi ne: geom_sf, a fill ka sa ginshiƙin alƙaluman. Ni tsarin launuka na viridis nake so, ko an buga a baƙi da fari ana gane bambanci. Ja da kore kuwa, wasu idanun ba sa rarrabe su. Sai theme_void ya share layukan baya.

Sunaye kuma geom_sf_text. Kun ga Dukku da Nafada sun zauna daram, amma Gombe ƙarama ce, sunanta na neman hawa kan maƙwabta. Rage girman rubutun zuwa 3.

 

Sai ggsave don adana taswirar, dpi 300 don ta fito tas, kar ku ɗauki hoton allo ku liƙa a rahoto. Sai mun haɗu a darasi na gaba.