Lacca: Koyar da fizis ɗin asibiti ga ɗaliban digirin farko

Assalamu alaikum. Shugaban taro, 'yan'uwana malamai, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Ɗalibin fizis da ya kai aji uku ya riga ya haddace lissafin raguwar sinadarai masu fitar da radiyeshan. Amma tambaye shi inda lissafin ke aiki a asibiti, sai ya yi zuru. Shi ya sa nake ganin a fara wannan darasi daga majinyaci, lissafi ya biyo baya.

Ga tambayar da nake so kowane malami ya jefa wa ajinsa. Mai ciwon daji da ake yi wa gashi da hasken radiyeshan, galibi gray 2 ake ba shi a zama ɗaya. Gray ɗaya kuwa jul ɗaya ne na makamashi a kilo ɗaya na tsoka. To, su lissafa zafin da wannan zai ƙara wa wurin. Abin da za su samu kusan 0.0005 ne kawai na digiri ɗaya. Ma'aunin zafin likita ma ba zai motsa ba! To me ke kashe ƙwayoyin dajin? Malam, kada ka yi saurin ba su amsa. Bar su su yi gardama, har wani ya gano cewa hasken fizge lantarki yake yi daga ƙwayoyin zarra, ya tsinka zaren DNA. Wanda ya gano da kansa ba ya mantawa.

Haka ma rabin rayuwar sinadari, wato lokacin da ƙarfinsa ke ɗauka kafin ya ragu da rabi. Teknetiyum-99m da ake allurarsa don ɗaukar hoton ƙashi, awa 6 ce rabin rayuwarsa, wato bayan awa 24 kashi ɗaya cikin 16 ne kawai zai saura. Kobalt-60 kuwa shekara 5.27, ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari duk wata, dole a riƙa gyara lokacin da majinyaci zai yi a ƙarƙashin na'ura. Lissafi ɗaya ne, amma nan kuskure a jikin mutum yake sauka.

Tarihi kuwa, faɗin cewa Röntgen ne ya gano hasken X-ray a 1895 ya isa, kada a cinye mako a kai. Gara a ba su labarin Goiânia ta Brazil a 1987, inda masu tsintar ƙarafa suka fasa tsohuwar na'urar gashi mai siziyum-137, mutum huɗu suka mutu. Sannan a kai su asibiti su ga kaurin bangon ɗakin gashi, a ce su lissafa dalilinsa.

Bismillah, mai tambaya ya ɗaga hannu.