Me Ya Sa Jar Fitilar Baƙin Mai Take Jinkirin Mutuwa Da Safe?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ku duba dashbod ɗin motar nan. A waje ta kwana, ga hunturu ya kankama. An murɗa makulli, inji ya tashi, fitilu duk sun mutu sai guda ɗaya, jar nan mai siffar buta da ɗigo a bakinta. Mu ƙirga tare: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Sai yanzu ta mutu. Ku kuma kasa kunne ga ƙarar da ke fitowa daga saman inji, ƙas-ƙas-ƙas, wadda ta ɗauke daidai lokacin da fitilar ta mutu.

Direbobi da yawa sukan ce ai sanyi ne, in ta ɗumama za ta daina. Sanyi yana da hannu a ciki, amma sau tari ba shi kaɗai ba ne.

Fitilar nan ba yawan baƙin mai take aunawa ba. Wannan aikin geji ne, wanda kake zarowa ka goge ka sake tsomawa. Ita ƙarfin turin mai take kallo. Akwai ɗan makunni ɗaure a jikin inji, wanda a yawancin motoci yake kashe fitilar da zarar turi ya kai wajen psi 5 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin turi). Psi 5 kuwa ba wani abu ba ne, don ƙa'idar da kanikawa suka daɗe suna aiki da ita ita ce kusan psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti. Muddin fitilar tana ci, ko wannan ɗan turin bai samu ba ke nan. Inji mai sanyi yakan tashi da juyi kamar 1,200 a minti, wato juyi 20 a daƙiƙa guda. A daƙiƙa 5 ɗin da muka ƙirga, karanshaf, wato babbar sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, ya yi juyi 100 a kan ɗan man da ya maƙale masa tun jiya. Injin ba zai buga yau ba, ba zai buga gobe ba. Amma kowace safiya, shekara da shekaru, metal, wato siririn ƙarfen da karanshaf yake juyawa a kansa, yana cinyewa kaɗan-kaɗan.

Bari mu bi hanyar man. Yana kwance a kwanon ƙasan inji. Famfo ya zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi cikin filta, daga filta ya bi ƙananan hanyoyin da aka huda a cikin ƙarfen inji zuwa karanshaf, sannan ya hau sama wajen bawul-bawul da kamshaf, sandar da ke buɗe su. Filta a tsakiyar hanya take, kuma sai ta cika mai yake wucewa. In ta kwana a cike, famfo na juyawa turi ya samu. In kuwa ta tsiyaye cikin dare, sai famfo ya cika gwangwanin filtar tukuna, ya cika hanyoyin da suka zama fanko, sannan mai ya isa inda ake jiransa.

Ga sabuwar filta, mu juya fuskarta. Akwai babban rami a tsakiya mai tiredi, ga ƙananan ramuka sun kewaye shi. Mai yana shiga ta ƙananan, ya ratsa takardar tacewa, ya fita ta babban. Ku leƙa cikin ƙananan ramukan da kyau, za ku hango roba ta toshe su daga ciki. Wannan robar bawul ce mai hanya ɗaya: mai ya turo ta ta buɗe, inji ya mutu ta koma ta lafe, ta hana shi komawa kwano. Duk wanda ya yi noman rani ya san irin wannan a injin ban-ruwa. In bawul ɗin da ke ƙasan tiyo ya lalace, ruwa yakan sulale ya koma rafi, da safe sai an yi ta ɗurawa kafin injin ya ja.

Robar nan iri biyu ce. Akwai baƙa ta gama-gari, akwai ta silikon wadda galibi ja ce ko ruwan lemo. Baƙin mai yana aiki ne a zafin da ya kai digiri 90 zuwa 100, wani lokaci ya wuce, musamman a cunkoson rana cikin watan Afrilu. Baƙar roba in ta sha wannan zafin wata da watanni takan ƙandare, bakinta ya daina lafewa daidai, sanyin asuba kuma ya ƙara mata tauri. Silikon yana riƙe laushinsa a zafi da sanyi duka. Sai dai launi kaɗai ba shaida ba ne, don mai yin jabu ma ya san ana duba launi.

Yadda filta take zaune a jikin inji shi ma yana da tasiri. Wadda take rataye, bakinta na kallon sama, da wuya ta tsiyaye gaba ɗaya ko da robarta ba ta da ƙwari. Wadda take kwance a gefe, ko wadda aka kifa bakinta ƙasa, rayuwarta duk a kan robar nan take. Shi ya sa filta iri ɗaya za ta zauna lafiya a motar maƙwabcinka, a taka kuma ta riƙa kawo ƙara kowace safiya.

Akwai bawul na biyu a ciki, mai sifirin. In mai ya yi kauri ko takarda ta toshe, shi ne yake buɗewa man ya wuce ba tare da an tace shi ba, domin mai da datti ya fi babu mai. Kowane inji da nauyin sifirin da aka tsara masa: wasu yana buɗewa a ƙasa da psi 15, wasu sai ya haura 20. Filta biyu za su iya zama tiredi ɗaya, tsayi ɗaya, faɗi ɗaya, amma cikinsu daban. Nan ne nake roƙon 'yan'uwa su daina sayen filta da ido. Ka je shagon kayan gyara da tsohuwa a hannu, a gwada baki da baki, a ce maka "za ta shiga". Shiga daban, dacewa daban. Kamfanin Hyundai ya taɓa fitar wa kanikawansa takardar gargaɗi a kan haka: in mota ta zo da ƙarar inji kuma filtar da ke jikinta ba tasu ba ce, a fara canja ta da ta asali kafin a kwance komai. Ka nemi lambar da aka rubuta wa injinka. A Toyota, filtar gwangwani lambarta tana farawa da 90915, a Honda da 15400. Bambancin kuɗin bai kai ko kusa da na saukar da inji ba, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Sai maganar man kansa. Da yawanmu 20W-50 muka sani, don shi aka saba zuba wa Peugeot 504 da tsofaffin bas. Lambar da ke zuwa kafin harafin W tana nuna yadda man yake gudu cikin sanyi, kuma ƙaramar lamba ta fi gudu. Ko a digiri 40, kaurin 20W-50 ya ninka na 5W-30 fiye da sau biyu, kuma iya sanyi iya ƙaruwar tazarar. A watan Janairu asubar Kano takan sauko wajen digiri 13, ta Jos ta fi haka sanyi. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin lita 1.8, 5W-30 aka tsara mata, na bayanta da dama 0W-20. Motocin da suka fito daga Amurka yawanci an rubuta a kan murfin da ake zuba man. In ka haɗa mai kauri da filtar da ta kwana fanko, jinkirin ya zama biyu.

To yaya za ka gane filta ce? Ka tuna yaushe abin ya fara. In bayan juye ne, ita ce ta farkon zargi. Ka kuma lura: in motar ta huta awa ɗaya fitila na mutuwa nan take, amma in ta kwana sai ta ja lokaci, mai ne yake tsiyayewa. Daƙiƙa 1 zuwa 2 ba abin damuwa ba ne. Sabuwar filta kuma kafin a ɗaura, ka goge bakinta, ka rufe babban ramin da leɓenka ka hura. In iska na fita ta ƙananan ramuka ba wahala, robar ba ta rufewa, a mayar da ita.

Akwai kuma alamomin da ba na filta ba. In fitilar tana ƙyaftawa bayan inji ya yi zafi kana tsaye a sulo, ko ta kai daƙiƙa 10 ba ta mutu ba, kashe motar nan take. Ka ce wa bakanike ya kwance makunnin ya ɗaura agogon auna turi, a ga lamba da ido. Wataƙila makunnin ne ya lalace, wannan mai sauƙi ne. Wataƙila rariyar bututu ce ta toshe da daskararren mai, ko famfo ya gaji, ko metal ya ci. Kada ka yarda a cire wayar fitilar a ce maka tana damun mutum ne kawai. Sannan a wasu injinan Toyota masu VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, za ka ji ƙara ta daƙiƙa ɗaya ko biyu alhali fitila ta mutu da wuri. Wannan sau da yawa daga giyar kamshaf ne, canja filta ba ya maganinsa.

Masu Camry mai lita 2.5 ta 2010 zuwa 2017, da Corolla ta 2009 da 'yan shekarun bayanta, da yawanku ba ku da gwangwani, takarda ce kawai ake sakawa cikin gidanta, lambarta tana farawa da 04152. Ku tabbata an canja zoben robar da ke zuwa a cikin kwalin, an kuma zaunar da shi a gurbinsa.

Ranar juye, ka tsaya a wajen. A duba tsohon zoben roba bai maƙale a jikin inji ba, don in aka ɗora sabo a kansa mai zai yi tsartuwa a hanya. A shafa wa sabon zoben ɗan mai, a ɗaure da hannu, kusan kashi uku cikin huɗu na juyi bayan robar ta taɓa ƙarfe. In filtar mai kallon sama ce, a zuba mata mai mai tsabta kafin a ɗaura. Tashin farko bayan juye fitila za ta ɗan jima, wannan daidai ne. Gwajin gaskiya sai washegari da asuba: ka tayar ba tare da ka taka totur ba, ka ƙirga. In ta mutu kafin ka kai uku, filtar ta yi. In har yanzu tana kai biyar ko shida da filtar asali da man da ya dace, a ɗaura agogon turi a wannan makon.