Darasin kemistiri: wane solben za ka jiƙa ganyenka da shi?

Assalamu alaikum ɗalibai, barkanmu da warhaka. Yau maganar solben za mu yi, wato ruwan sinadarin da ake jiƙa abu a ciki don ya narkar da abin da ake nema ya fito da shi, musamman ku 'yan ajin ƙarshe na BUK da kuka shiga Kurmi kuka sayo ganyen darbejiya ko wata saiwa, kun shanya kun daka, yanzu kuma ana ta tambaya malam da me za a jiƙa.

To ni ma tambaya zan yi maka, me kake nema a cikin ganyen? Ku matso ku ga kofunan nan biyu, zoɓo na zuba a kowanne. Wannan ruwa ne, kun ga har ya yi jawur, wannan kuwa heksen ne, tun ɗazu yana nan garau abinsa. Jan zoɓo sinadari ne mai fola, wato cajin lantarkin ƙwayarsa ya karkata gefe guda, ruwa ma fola ne, shi ya sa ya biyo shi. Da gyaɗa na niƙa kuwa heksen ne zai kwashe man tas, da shi ma manyan kamfanonin mai suke tatsa. In ba ka san ina abin naka ya faɗa ba sai ka bi su a jere, heksen tukuna, sai etil asitet, metanol a ƙarshe.

Yawwa, sai fanel ɗin rabawa, wato mazurarin gilashi mai murfi da famfo da ake raba ruwa iri biyu da ba sa gauraya da shi. Don Allah kar wanda ya zuba etanol ko metanol ko asiton a kan ruwa ya zauna jiran ya ga hawa biyu, ba za su rabu ba ko za ka kwana a nan, gauraya suke da ruwa. Etil asitet da heksen sama suke tsayawa, DCM kuwa, wato solben ɗin da ake kira dichloromethane, ya fi ruwa nauyi, ninki 1.33 ne na nauyin ruwa, ƙasa yake tafiya. In ka rikice ɗiga ruwa kaɗan ka ga wane hawa ya shiga, kuma kar ka zubar da ko ɗaya sai an gama aiki.

Amma abin da littafin ba zai gaya maka ba shi ne zafin garin nan. Solben ɗin da ake kira ether (diethyl ether) yana tafasa a digiri 35, DCM a 40, to ka tuna yadda Kano take a watan Afrilu da rana tsaka, ga ba wuta balle fanka ko AC, kana girgiza fanel murfin zai yi tsalle, ether ɗin nan kuma ko tartsatsi ya gani ya kama da wuta. Shi ya sa ni na fi son etil asitet, sai 77 yake tafasa, ba ya guduwa kuma ba ya wahalar ƙafewa. Metanol yana tatsa sosai amma guba ne, yana makantarwa, in abin da za a ba bera ne sai ka tabbatar ya ƙafe ƙaf.

Yanzu ku kalli hannuna, mil 60 ɗin nan na solben ba zan juye shi gaba ɗaya ba, ashirin-ashirin sau uku ya fi kwasowa. Na zuba, na rufe, na kifa fanel ɗin, sai in buɗe famfon iskar ta fita, bakin yana kallon bango ba fuskar abokin aikinka ba.