Tsohon Garin Argungu Bayan An Naɗe Homa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi tsohon garin Argungu, wato unguwannin da ke kewaye da Gidan Nabame, tsohuwar fadar sarki, waɗanda baƙo kan ratsa a guje yana neman hanyar Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, ba tare da ya san abin da ya bari a baya ba.

Duniya ta san Argungu da bikin kamun kifi, wanda ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. Sai dai biki na 'yan kwanaki ne, har ma an taɓa shafe kusan shekara 10 ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. Gari kuwa yana nan rani da damina.

Bayan da Birnin Kabi ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1805, zuriyar Muhammadu Kanta na Surame da suka ƙi miƙa wuya sun kafa sabuwar cibiyar mulki a Argungu, inda gulbi da fadama suka zame musu garkuwa. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga takobin Kabawa, kuma garin ya ci gaba da cin gashin kansa har zuwan Turawa. Gidan da ake kira da sunansa shi ne fadar sarki har zuwa 1942, sannan a 1958 aka mayar da shi Gidan Tarihi na Kanta, inda aka adana māsu da takubba da kwari da baka da tambura, kuma a cikinsa kaburburan sarakuna suke.

Duk wanda ya taɓa shiga zauren ƙasa a wannan gari da tsakar rana a watan Afirilu ya san abin da muke faɗa. A waje rana tana dukan kai, amma da zarar mutum ya tuɓe takalmi ya tsallake dokin ƙofa, sai sanyi ya tarye shi, domin katangar tubali mai kauri tana riƙe zafi a jikinta, rufin azara kuma yana hana shi saukowa. A bakin irin wannan zaure za ka tarar da dattijo ya shimfiɗa homa a cinyarsa yana ɗinke inda ta yage, gorarsa tana gefe, jikoki suna kallon yadda yake ƙulla zare. A ganinmu wannan dattijo da zaurensa gado ne, daidai da abin da ke cikin gidan tarihi.

Abin damuwa shi ne gidajen ƙasa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Soro yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, azara ta yi wuya saboda giginya ta ragu, masu sanin haɗa makuba kuma sun manyanta. Ba mu ga laifin magidancin da ya koma ginin bulo da kwano ba, domin kare iyalinsa yake yi daga rushewar ɗaki.

Tsohuwar unguwar Zanzibar a Tanzaniya, wadda ta shahara da lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa, ta shiga jerin UNESCO tun 2000, amma duk da haka wani ɓangare na fadar Baitul Aja'ib ya rufta a watan Disamban 2020. Shahara ba ta hana gini faɗuwa a can ba, to balle ginin ƙasa a bakin fadama.

Saboda haka muna kira ga masarauta da gwamnatin jiha da su ƙidaya tsofaffin zauruka da soraye da suka rage, su ware wani kaso na kuɗin biki don taimaka wa masu su da yaɓe da azara, sannan a haɗa matasa da tsofaffin magina su koyi sana'ar a kan aikin gyaran kansa. A fara da gidajen da ke maƙwabtaka da Gidan Nabame, kuma a fara da rani, tun kafin hadari ya taso daga gabas.